Ranar da Agwagwa Ta Miƙe a Bayan Falgore

Tun da na dawo daga ƙasar Doguwa ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin Isuhu, kafin ya fasa min ƙwai wani zai ce, "Tanimu, wai da gaske ne mata sun yi wa motarka guɗa?" Wani ya ce shi abin da ya ji, ni aka yi wa. Wani ma cewa ya yi wai kuka na yi. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara nasa gishirin, shi ya sa na zauna zan rubuta sau ɗaya in huta. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya. Wanda ya ga kuskure ya riƙe abinsa, ban tambaye shi ba.

Ga wanda bai san ni ba, na yi shekaru ina tuƙa wani Alhaji da ba zan kama sunansa ba. Ranar da ya gaji da ni ya sayi sabuwar mota, ya ɗauki yaro mai Turanci, ni kuma ya miƙo min makullin tsohuwar jif ɗinsa ya ce sallamata ke nan. Tsofaffi biyu ya kora rana ɗaya. Injinta lafiya lau, gilasanta masu duhu irin na manya, amma bayanta ya mutu murus. Buhu biyu za ka sa mata gindin ya zauna, hanci ya ɗaga, fitilu su koma haska rassan itatuwa, sitiyari ya yi sakayau a hannu kamar tayoyin gaba ba sa taɓa ƙasa. Mutanen garinmu Ƙofa ba su da aikin da ya wuce raɗa suna, suka sa mata Agwagwa. Har limaminmu haka yake kiran ta.

Abin da ya fi ci min rai ya faru ne lokacin bikin 'yata. 'Yar fari ce, kun san ba zan faɗi sunanta ba. Bello ta aura, ɗan Arɗo Sambo, Fulanin da suka zauna suna noma da kiwo a bayan dajin Falgore. Ita ta ce shi take so, ni ban hana ba. Ni na kai kayan ɗaki. Agwagwa ta shiga rugar nan tana jan ciki, a daidai gaban jama'a salansa, bututun hayaƙin nan, ya tsinke ya bi mu yana ƙarar tsiya, sai mata suka fito suka ɗauki guɗa. Na ce shi ke nan, yau har Fulanin daji sun samu abin dariya. Na haɗiye, amma bai wuce min ba.

To ga shi ta haihu, ta zo gida wanka, ta yi arba'in, za a mayar da ita ɗakinta da gara. An ce uba ba ya kai gara. Uban da shi ne mai motar, shi ne direban, ya zai yi? Na rantse a raina wannan karon ba zan shiga rugar nan ina jan ciki ba, balle da jariri a mota. Ban gaya wa kowa ba, ana saura kwana kaɗan na sulale zuwa Kwanar Dangora wajen Mamman Ƙarfe.

Mamman bakanike ne mai baki, aikinsa rabi guduma rabi surutu. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya fito yana karkaɗe riga.

"Oga Tanimu, wannan ba gyara take so ba, addu'a take so."

"In addu'a nake nema na san gidan malamai. Duba min."

Ya nuna min sifirin ɗin baya, ƙarafan nan da ake jerawa bisa juna masu lanƙwasa kamar baka. Nata sun miƙe samɓal, ɗaya ma ya karye. Ya sa hannu ya zaro guntun taya da katakon da aka cusa a tsakani.

"Wane maƙiyinka ne ya sa maka wannan?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "To Allah ya shirya ku."

A bayan garejinsa akwai gawar wata a-kori-kura da kaji ke ƙwai a ciki. Daga jikinta ya kwance ƙarafan sifirin, lif suke ce musu, ya ce zai ƙara min biyu-biyu kowane ɓangare. Nawa na da aka kai wa maƙeri ya yi ta dukan su har lanƙwasarsu ta dawo. Ya sa dogayen kusoshin ɗauri tunda jerin ya ƙara kauri, ya cire matattun shokazoba ya sa na Kwatano. Tun hantsi muke abu ɗaya har rana ta karkata. Da ya gama ya koma gefe ya kunna sigari, ni ina tsaye ina jira.

Na ce, "Sauke jak ɗin mana mu gani."

Ya ce, "Ai na sauke."

Na leƙa, babu jak. Motar ce tsaye da ƙafafunta, gindi a sama, hanci a ƙasa, kamar rago zai yi karo. Jama'a, ni ba mai dariya ba ne, kun sani, amma ran nan sai da na riƙe ciki. Na zagaye ta, na sake zagayewa, na hau bamba na yi tsalle ko gezau. Na ce wa Mamman ya hau mu yi tare, muka yi ta tsalle mu biyu kamar yara, masu sayar da rake suna kallo.

Da zan tafi ya riƙe ƙofa ya ce, "Sifirin na ƙara maka, Oga. Ban ƙara maka birki ba, ban ƙara maka taya ba. Kuma in babu kaya a ciki za ta yi ta sukuwa da kai."

Gaskiya ya faɗa. Kafin na isa Ƙofa kaina ya gaisa da rufin mota ya fi a ƙirga, hulata ta koma faifai. Ina tafe ina dariya ni kaɗai. Na shigar da ita bayan gida na lulluɓe da tamfol.

Ranar tafiya da sassafe na yaye tamfol ɗin. Mai ɗakina ta fito da daron alkaki a ka, ta tsaya cak.

"Malam, me ka yi wa motar?"

"Magani na yi mata. Ku zuba kaya ku ga aiki."

Aka fara lodi. Buhunan shinkafa, gero, fulawa, gishiri, jarkokin manja da na man gyaɗa, darukan alkaki da nakiya da dubulan, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, sabulu. Duk buhun da aka jefa sai in tsuguna in duba. Motar tana sauka a hankali, a hankali, da aka gama ta tsaya daidai wa daida, gaba da baya ɗaya, kamar ranar da aka ƙera ta. Na juyo ina jiran yabo. Na tarar da fuskar matata kamar an aiko mata da rasuwa.

Yayata Tabawa, wadda ita ce gwaggon mai jego kuma ita ke jagorantar garar, mace ce da Allah ya yi wa jiki, bakinta kuma ya fi jikin nauyi. Ta dogara sandarta ta ce, "Tanimu, kai dai tun kana yaro in ka tashi yin abin kirki sai ka yi ɓarna. A can rugar, da zaman mota ake auna gara. Tun daga nesa mata ke hangowa. In ta zo tana jan ciki an san 'yar gata ce aka kawo. Wannan fa? Wannan ai ta wanda ya zo gaisuwar mutuwa ce."

Na ce, "Zancen mata. Ai za a sauke kayan su gani."

"Kafin a sauke an gama magana. Abin da ido ya fara gani shi za a yi ta faɗa wa yarinyar nan har ta yi jika."

Ban yarda ba. Amma mai ɗakina ta yarda, don haka ta shiga ƙara kaya. Ta ɗauko sabon turmi, ta ɗauko tukunyar ƙarfen da aka dafa ruwan wanka, ta aika maƙwabta aron abin da ban sani ba. Da na ga an fito da buhun dawarmu ta ci na ce, "Wannan fa?" Ta ce, "In mun dawo ma ci sifirin." Ta so a ɗora wasu a kan rufi don a gani, na ce ba da jariri a ciki ba, kaya a sama su ne ke kifar da mota a kwana. Agwagwa ta shanye duk abin da aka ba ta, ko yatsa biyu ba ta ƙara sauka ba. Ni ina jin daɗi ina ɓoyewa, su suna jin haushi ba sa ɓoyewa. Wannan ja-in-ja ya sa ba mu bar Ƙofa ba sai bayan azahar. Matata a gaba, Yaya Tabawa da mai jego da jariri a baya, an kewaye su da daruka har wuya.

A Kwanar Dangora 'yan kamasho suka biyo mu da gudu suna dukan ƙofa. "Alhaji, Tudun Wada mutum nawa? Akwai mai buhu shida, ka taimaka, tunda empti kake." Gilas mai duhu, ba sa ganin ciki. Na ce musu a cike nake, wani ya tsuguna ya leƙa ƙasa ya ce, "Haba Alhaji, ji tsoron Allah." Yaya Tabawa daga baya ta ce, "Ka ji ko?" Na ƙara wuta.

Kafin Tudun Wada na ji bayan yana lilo. Na tsaya wajen wani mai faci a gindin mangwaro, tsoho mai ido ɗaya. Ya dubi motar, ya dubi tayoyin baya da suka baje kamar ƙosai ya sha mai, ya ce, "Maigida, motarka tana ƙarya amma tayoyinta suna faɗar gaskiya. Me ka ɗauko, siminti?" Na ce gara ce. Ya ce Allah ya raya, ya ƙara musu iska, ya ce kar in yi gudu. Matata ta leƙo ta ce masa, "Baba, kai ka gane da kaya ko?" Ya ce, "Ni aikina ne, Hajiya. Wa ke kallon taya in ba mai faci ba?" Ta mayar da kai ciki.

Mun shiga Tudun Wada la'asar sakaliya, kuma mai hankali ba ya shiga dajin Falgore da yamma da mata da jariri. Muka sauka gidan Malam Hadi, alaramma ne, ƙanin marigayi mijin Yaya Tabawa. Uwargidansa ta fito tarya da murna, ta karɓi jariri, ta dubi motar, ta ce, "Ashe garar tana baya, wata motar ce za ta kawo?" Matata ta ɗauki jakarta ta shige ciki.

Mutanen Tudun Wada ban san yadda cikinsu yake ba. Mu a Ƙofa shinkafa ta baƙo ce da ranar Juma'a, su kuwa tuwo na shinkafa, waina ta shinkafa, kunun safe ma na shinkafa. An kawo min malmala uku da miyar taushe, na ci na yi nak, aka ce wai wannan taɓa baki ne. Sauronsu kuma na fadama ne, ƙato-ƙato, ba ya kuka sai ya gama aiki. A zaure aka yi min shimfiɗa tsakanin alluna.

Bayan magariba muna zaune da Malam na ba shi labarin salansa da guɗar da aka yi min. Shi yana zagaya rugagen nan yana karantarwa, ya san su ciki da bai. Ya yi dariya har carbi ya faɗi.

"Malam Tanimu, ai labarin nan ya zo har nan. Ba dariya suka yi maka ba. Cewa aka yi Bello ya auro 'yar gidan da kayanta suka karya mota. Surukar 'yarka, Nenne, ta yi wata guda tana baza wannan magana a wajen tallan nono."

Na ce, "Allah gafarta Malam, kar ka yi min haka."

"Wallahi. Yanzu haka jira suke su ga abin da zai karye bana."

Shekara biyu ina dafa baƙin ciki a kan yabo. Kuma na je na biya Mamman Ƙarfe ya cire min abin yabon da guduma.

Da safe muka kama hanya. A bakin daji akwai shingen jami'an tsaro, wanda a wajenmu direbobi shi ne iyaka, daga nan ka bar ƙasar gonaki ka shiga ta itatuwa da shanu. Tun da nake bin hanyar nan da Agwagwa ba su taɓa barina na wuce ba, sai an ce in faka in buɗe baya. Ran nan jami'in ya hango jif tsaye ƙyam da baƙin gilas, ya janye itacen da kansa, ya ƙame ya ce, "Ranka ya daɗe." Ni Tanimu. Na ɗaga masa yatsa biyu yadda na ga Alhaji yana yi. Duk da abin da ke raina sai da na yi ta murmushi har muka yi nisa. Matata ta ce, "Kai ta ranka ya daɗe kake yi."

Dajin kam ba zan cika ku da labarin itatuwa ba, itatuwa ne. Birai a bakin titi suna kallon mu kamar masu karɓar haraji. Abin da zan faɗa shi ne tafiyar motar. Ramin da a da in na faɗa sai ƙarfe ya daki ƙarfe haƙora su haɗu, yanzu sai ta lotsa a hankali ta taso. Sitiyari ya yi nauyi a hannu yadda ya kamata. Jaririn nan tun daga shinge yake barci bai motsa ba. A wata gangara ce kawai na taka birki na ji motar tana tura ni, na tuna maganar Mamman, na mayar da ita giya ta biyu muka sauka muna salati.

Bayan mun fita daji muka saki kwalta muka bi burtali. A bakin wani rafi, saura kaɗan a hango rugar, Yaya Tabawa ta ce in tsaya. Ta fito da ƙyar, ta ja matata suka zagaya baya, suka hau bamba su biyu suna riƙe da juna. Motar ta ɗan yi ƙara, ta sauka kamar yatsa ɗaya. Wani makiyayi da ke shayar da shanu ya saki baki.

"A sace iskar tayoyin," in ji Yaya.

"A kan duwatsun nan? Da jariri? Ba zan yi ba."

"To a loda duwatsu. Ga su nan Allah ya hore."

Har na fara duban duwatsun. Sai mai jego ta yi magana. Tun da muka baro Ƙofa ba ta ce uffan ba, kuma ni da ita dama magana ba ta haɗa mu sosai, daga gaisuwa sai gaisuwa. Kanta a sunkuye ta ce, "Baba, kar a sa. In aka sauke aka ga dutse a cikin gara, wannan ya fi. Mu je haka. Nenne za ta yi maganarta ta gama, zan iya."

Wannan "zan iya" ita ta raba gardama. Na ce kowa ya shiga mota.

Rugar Arɗo ba bukkoki ba ne kamar da, ɗakunan ƙasa ne da rufin kwano, ga rumbuna, ga garke a gefe. Tun daga nesa na hango su, mata jere a bakin hanya da zannuwan fita, a gabansu wata doguwar tsohuwa siririya, ita ce Nenne. Muka matso. Agwagwa tana tafe a miƙe, ba ƙara, ba ƙura, ba abin da ke jan ƙasa. Na ga wata ta kai hannu hanci za ta yi guɗa, ta dubi gindin motar, ta sauke hannun. Na kashe inji. Shirun da ya biyo baya har kukan tattabaru ana ji.

Mutanen nan suna da wata ɗabi'a da mu ba mu da ita. Mu a Ƙofa da an ga abin magana za a faɗa maka a fuska. Su ba za su faɗa ba, gaisuwa za su yi ta yi maka har ka gwammace zagi. Nenne ta karɓi jikanta, ta ce, "Jaɓɓama, sannunku da hanya. Ya gajiya? Ya mutanen gida? Kun zo da sauƙi bana, madalla. Ai zuwan shi ne babba." Matata ta amsa da murya kamar ta mai zazzaɓi. Mai jego ta tsaya gefe tana kallon ƙasa. Yaya Tabawa ko fitowa ba ta yi ba, hawan bambar nan ya riƙe mata gwiwa, tana zaune cikin daruka tana huci.

Arɗo Sambo ya zo muka gaisa. Dattijo ne mara yawan magana, da malafa da sanda. Ya ce wa Bello da 'yan'uwansa su sauke abin da ke ciki, ya jingina sandarsa a bambar baya, ya tsaya muna taɓa hira a kan damina. Na buɗe ƙofar baya. Samarin suka ɗan ja da baya da suka ga ciki, sannan suka fara ja. Buhu na farko, na biyu, turmi, tukunya. Motar ta yi wata ƙara ƙiii, sandar Arɗo ta zame ta faɗi.

Ya ɗauka ya sake jinginawa. Aka sauke jarkoki da buhun gero, ta sake faɗuwa. Wannan karon bai jingina ba. Ya kafa ta a ƙasa a tsaye jikin bambar, ya sa babban yatsa daidai bakin ƙarfen, ya ce wa Bello, "Ciro wani." Aka ciro buhun shinkafa. Bambar ta bar yatsansa ta hau. Ya ce, "Ƙara." Ta ƙara hawa. Dattijon nan ya juya ya yi wa matan magana da Fulatanci, kalma biyu ko uku, sai ga su sun taho duu.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Aka hana samari gaggawa, aka ce ɗaya-ɗaya za a riƙa saukewa. Duk abin da aka ciro sai matan su sunkuya su dubi sanda, motar ta yi ƙiii ta ɗaga, su ce "Hoo." Kaya suna taruwa a ƙasa tsibi guda, mota tana tashi. Wata ta ce ita ta ga mota ta durƙusa don nauyi, amma ba ta taɓa ganin wadda ta ɓoye nauyinta don kunya ba. Wata ta ce ai motar ma Bafulatana ce. Nenne ta miƙa wa wata jaririn, ta matso da kanta, ta tsuguna ta leƙa ƙarƙashi, ta taɓa ƙarafan Mamman, ta ce da ni, "Wannan duka don kayan aka sa?"

Na ce, "Don su aka sa. Na da ba za su iya ba."

Ban yi ƙarya ba, ko?

Ta miƙe, ta kama hanci, ta saki guɗa. Sauran suka ɗauka. Matata da ta yi kwana biyu ba ta dube ni ba ta juyo tana dariya da hawaye. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, sai na kama goge gilashin da ba shi da datti.

Da aka kwashe darukan kujerar baya aka ɗauka an gama, Arɗo har ya zaro wuƙa zai yi wa sanda alama. Sai aka ji murya daga ciki, "To ni a nan zan kwana?" Samari biyu suka kama Yaya Tabawa suka fito da ita. Ƙafarta na taɓa ƙasa motar ta yi wani tsalle ta ƙara miƙewa, guɗar da aka yi ta fi ta farko. Yaya ta ɗaga sanda tana cewa, "Ni ba gara ba ce, marasa kunya," amma ita ma dariyar take. Arɗo ya ce wannan ba za a sa a lissafi ba, ya rage yatsa biyu, ya tsaga sandarsa wuri biyu, inda bambar ta fara da inda ta tsaya.

An sauke mu da fura da kindirmo da ake yanka da cokali, ba irin tsala-tsalan da ake sayar mana a kasuwa ba, sannan tuwon masara da man shanu yana malala. A can baƙo shi kaɗai ake bari da akushi, wai kar ya ji nauyin ci. Ni ban ji nauyin komai ba, na share.

Da za mu taho na gaya wa Arɗo gaskiya cewa motar in babu kaya sukuwa take yi, ko za a taimaka min da duwatsu biyu-uku. Ya ce a rugarsa ba a sallamar suruki da dutse. Ya sake kafa sandar ya ce a zuba tukuici har bambar ta sauko rabin tsagar. Aka sa masara, aka sa ƙwaryar man shanu da zabi, ba ta kai ba. Ya dubi garke ya yi magana, aka kamo ɗan maraƙi aka ɗaure aka tura shi ciki. Ta kai. Yanzu haka yana bayan gidana yana cinye min harawa, wanda ke musu ya zo ya gani, ya taho da dusa.

Ina shirin tayar da mota mai jego ta zo jikin taga. Nenne tana bayanta da jariri a kafaɗa, tana gaya wa wasu baƙin mata da suka makara yadda aka yi, tana nuna tsayin da hannu, kuma na lura hannun ya fi sandar nisa. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Baba, Allah ya kiyaye hanya." Ta ƙara da cewa, "A gaida Mamman Ƙarfe." Ban san ta san sunansa ba. Na ce to, na ja mota da sauri, don ƙurar wajen tana shiga ido. Wanda ya ce kuka na yi, ƙurar ce.

Ga amsarku ke nan, 'yan teburin Isuhu. Motar aka yi wa guɗa, sai Yaya Tabawa, ni ban samu ba. Na ji kun fara ce wa motar Raƙuma, ku ci gaba, ba ku da aikin yi. Abin da na sani shi ne Arɗo ya rataye sandar nan a zaurensa ya daina kiwo da ita, kuma Bello ya ce min duk motar garar da ta shiga rugar yanzu sai an kafa mata ita. An kawo biyu bayan tamu. Babu wadda ta kai rabi.